Kurakuran da ake yi wajen yaba mawaƙin yara da matasa

Na gaji da ganin sababbin malaman Hausa suna karanta waƙar yara da ido kawai, sannan su yanke wa mai ita hukunci. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, alhali karin waƙar Hausa, wato ma'aunin rera ta, a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, saboda haka wanda bai rera baiti ba bai san abin da mawaƙin ya ƙulla a ciki ba.

Ni kaina na ɗanɗana kuɗata a kan wannan. Wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya taɓa ba ni waƙarsa ƙwar biyu, wato mai layi biyu a kowane baiti, a kan tsabta domin in buga wa 'yan aji shida su rera ranar raba kyaututtuka. A baiti na uku na ga wata kalma da nake ganin ta tsufa, sai na musanya ta da wadda yara suka fi sani, ina jin na yi gwaninta. Ma'ana ba ta sauya ba, amma kari ya karye. Ranar biki yara suna isa ɗangon, wato layin da kalmar take, suka yi tuntuɓe, amshi ya watse, iyaye suka fashe da dariya. Bayan an tashi dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ka ko rera ta kafin ka taɓa ta?" Bai sake ba ni waƙa ba har ya rasu. Tun daga ranar ba na ɗora alƙalami a kan waƙar kowa sai na rera ta sau uku ina tafi, kuma in da hali sai na ji ta a bakin yaro.

Kuskure na biyu shi ne raina sauƙi. Ku da kuke cewa "ai waƙar yara ce," ku gwada zuba sunayen garuruwa da koguna cikin baiti, amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, bai kuɓuce muku ba, ku ga yadda gumi zai keto. Abin da Alhaji Shehu Shagari ya yi ke nan a Waƙar Nijeriya tun yana malamin makaranta, shekaru da dama kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, domin ɗalibai su riƙe labarin ƙasarsu da ka.

Sauran ba su da wuyar gyara. Kada a tsare yaro da tambayar jigo da salo, wato saƙon waƙa da dabarun isar da shi, tun bai ji daɗin waƙar ba. Kada a miƙa wa ɗan sakandare waƙar 'yan firamare, domin zai ɗauka an mai da shi jariri. Idan kuma yara sun rera waƙa a taro, a faɗi sunan wanda ya rubuta ta, ko da yana zaune a kujerar baya.