Yadda na hana angar jirgina jan ƙasa a tsakanin tsibirai

Da iska ta tsananta, angar ƙaramin jirginmu, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi, ta ƙi kama ƙasa, igiyar ruwa kuma tana ta jijjiga mu. Da farko na zaci angar ce ba ta da nauyi. Na ƙara sarƙa, bai hana ba. Ashe wurin ne: ƙasan ruwan ciyawa ce, kuma igiyar ruwa na zagayowa ta gefen tsibirin.

Sai na sake duba hasashen yanayi, ɓangaren da iska za ta juya cikin dare da inda igiyar ruwa ke fitowa, don ba koyaushe suke tafiya tare ba. Na zaɓi lungun da tsibiri ya kare daga duka biyun, inda taswira ta nuna yashi.

Zurfin mita 5 ne. Na haɗa da mita 1 na tsayin goshin jirgi da mita 1 na cikar teku, na ninka sau 7, na saki sarƙa mita 49. Na sa inji a baya a hankali har angar ta nutse cikin yashi, na ɗaura igiyar nailan a sarƙar don rage fizga, na kunna ƙararrawar GPS mai yin ƙara idan jirgi ya gusa daga wurinsa.

Alhamdulillahi, jirgin bai gusa ba har gari ya waye.