Masu noman inabi a ƙasa mai zafi, a bar wa itacen ganyensa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda duk ke da gonar inabi a inda rana ke ƙuna, don Allah ya daina tsige ganyen da ke gefen yamma. Ranar la'asar ita ke ƙona 'ya'yan, su yi baƙin tabo su yamutse tun ba su nuna ba. Ganyen nan shi ne inuwarsu. In za ka rage don iska ta shiga, rage na gabas, shi ma kaɗan. Da zafi ya haura digiri 35, itacen kan rage aiki, don haka kada a ƙara masa wahala.

Ban ruwa kuwa, na ɗigo ya fi, da asuba. Sai dai yana tara gishiri a gefen jijiya, abin da da yawa ba sa lura da shi sai bakin ganye ya fara ƙonewa. Lokaci-lokaci a sakar masa ruwa mai yawa ya wanke gishirin ya yi ƙasa. A lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa.

Idan 'ya'yan sun fara sauya launi, kada a bar ƙasa ta bushe ƙamas sannan a antaya ruwa, fashewa za su yi. Tsinka kuma a yi ta kafin rana ta fito, suna da sanyinsu.