Yadda Ake Yin Ɗaurin Ribon Na Kek Ya Tsaya Cak

'Yan uwa masu harkar kek, tun ranar da na sa hoton wani kek na kamu da na yi ake ta tambayata ya aka yi ribon ɗina ya tsaya bai kwanta ba. Ni ma na sha wuya kafin in gane. Akwai wani kek na biki da na yi a watan Agusta, ana tsakiyar damina a Gusau, na haɗa ribon da fondan zalla, wato kwaɓin sukarin da ake lulluɓe kek da shi, da safe na ɗora, kafin mai keke ya kai ni Tudun Wada kunnuwan ribon ɗin duk sun lanƙwashe sun manne da saman kek ɗin. Wallahi sai da na yi hawaye a bakin ƙofar gidan bikin. Daga ranar na daina yin ribon ranar da zan kai kek.

Fondan shi kaɗai ba ya bushewa ya yi tauri, an yi shi ne don ya zauna da laushi a yanka a ci. Sai kin sa mashi garin Tylose, wasu masu shago CMC suke ce mashi, aikinsu ɗaya. Ga fondan giram 250 nakan sa rabin cokalin shayi, in damina ce in kai kusan cokali guda. Ki murza sosai har garin ya ɓace, ki naɗe a leda kar iska ta shiga, ki bar shi ya huta ko da awa biyu ne, in ya kwana ma ya fi. Kala kuma ki sa mai kauri irin jel, ta ruwa tana saki fondan. Ja da baƙi sun fi kowa wahala saboda suna cin kala da yawa, su kam ƙara masu Tylose kaɗan.

In kin tashi aiki ki shafa ɗan Crisco, wato farin man girki mai daskarewa, a hannu, ki barbaɗa garin sitacin masara kaɗan a tebur, ki murza ya kai kaurin kamar milimita 2. In ya yi kauri nauyinsa ne zai kada shi, in ya yi fele-fele kuma ya karye. Ga kek mai faɗin inci 8 nakan yanka dogaye guda biyu, faɗi inci 2 tsawo inci 7, da rula nake aunawa don ido yana yaudara. Ki ɗauki ɗaya ki tattare bakinsa biyu kamar yadda tela ke yi wa siket tattara, sai ki ninko su su haɗu, kunne ɗaya ya samu kenan. Gam ɗin mannawa ma da Tylose ake yi, ɗan kaɗan a bakin cokali cikin ruwan ɗumi cokali biyu manya, a bar shi ya kwana ya narke. Ki ɗan taɓa da burushi kawai, in kika jiƙa wurin sai ya riƙa santsi ya ƙi kamawa.

To nan ne mutane ke faɗuwa. Kunnen nan da kika ninka ba zai riƙe kansa ba yana ɗanye, dole ki cusa mashi wani abu a ciki, ni tishu nake dunƙulewa sako-sako in tura har ya kumbura ya yi zagaye, amma kar ki danna da ƙarfi don wurin cirewa sai ya fasa maki aiki, kuma in zaki shanya ki kwantar da shi ta gefe a kan faranti mai garin sitaci, ta haka sama ba ta danne ƙasa. Ki haɗa kunnuwan biyu baki da baki da gam, ki yanka ƙarami mai faɗin inci 1 ki naɗe tsakiyar, mahaɗin ya koma ta ƙasa inda ba a gani. Sai ki yanka wasu guda biyu na jelar ribon, ki yanke bakinsu tsaga biyu, ki shimfiɗa su kan tishu ko fensir don su bushe da ɗan lanƙwasa, sun fi kama da kyalle na gaske.

Sai haƙuri. Awa 24 ne mafi ƙaranci, a damina kwana biyu zuwa uku, gaban fanka in akwai wuta. Sukari yana jan danshin iska, shi ya sa daga Yuli zuwa Satumba komai ke laushi. Da hunturu kuwa akasin haka ne, tun kina murzawa bakinsa ke tsattsagewa, sai ki riƙa yanka ɗai-ɗai sauran kuma suna rufe a leda, ki ƙara ɗan Crisco a hannu. Kuma don Allah kar ki sa shi a firij, in ya fito gumi yake yi ya narke. In ya bushe ki ajiye a kwali, ya fi roba mai murfi don roba tana tara zufa.

Kafin ki cire tishun ki ƙwanƙwasa kunnen da farce, in kin ji ƙwas-ƙwas ya yi, in shiru ki ƙara mashi kwana. Nakan yi kunnuwa huɗu maimakon biyu, ɗaya na iya karyewa a hannu kuma ba lokacin sakewa.

Wurin ɗorawa, in kek ɗin fondan ne ɗan gam ya isa, ko farin cakulan da aka narkar. In bota kirim ne, wato kirim ɗin bota da sukari, ki jira sai dab da za a fito da shi, maiƙo da danshinsa suna shiga ribon ta ƙasa, balle da zafin Afrilu. In tafiyar mai nisa ce, irin Kaura Namoda ko Talata Mafara, ribon daban a ƙaramin kwali, tishunsa na ciki, ki riƙe shi a cinya, gam da burushi a jaka, sai kin sauke kek a kan tebur ki zare tishun ki manna.