Yadda na karɓi kuɗin gyaran motata a Jidda

Wani ya buga min mota ta baya a titin Falasɗin. Ban yarda mu sasanta a bakin hanya ba, duk da roƙon da ya yi. Na kira Najm, kamfanin da ke duba haɗarin motoci masu inshora a Saudiyya, suka ɗora masa laifin duka, Taqdeer, masu tantance lalacewar mota, suka ƙiyasta ɓarnar.

Sai kamfanin inshorarsa ya yi shiru, alhali da motar nake ciyar da iyali. Ashe lambar asusun banki (IBAN) da na bayar ta yayana ce, kuma sai asusun mai motar ake biya. Na gyara, na jira kwanaki 15 na aiki da ƙa'ida ta ba su, sannan na kai ƙorafi Hukumar Inshora da lambar da'awata. Cikin mako kuɗin suka shigo, alhamdulillahi.