Yatsun yaro da ayyukan kaka a makarantun Amurka

Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, jakar yaron da ke ajin share fage a Amurka takan dawo gida cike da tarkace: busasshen ganye manne a takarda, kabewar takarda mai karkataccen baki, talo-talo da aka zana da tafin hannu. Iyaye sababbin zuwa sukan ce, to ina karatun? A can ƙasarmu ɗan shekara uku ya riga ya fara cika littafi da baƙaƙe.

Wannan tarkacen shi ne karatun. Malaman shirin Head Start, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1965 don iyalai masu ƙaramin ƙarfi, da na sauran azuzuwan share fage, suna ƙarfafa yatsu uku ne: babban yatsa, manuniya da na tsakiya, waɗanda za su riƙe fensir idan yaro ya shiga aji na gaba yana ɗan shekara 5. In aka tilasta masa rubutu kafin yatsun su yi ƙwari, sai ya dunƙule fensirin a tafin hannu, ya riƙa juya shi da kafaɗa. Nan da nan ya gaji, ya tsani rubutu, kuma riƙon da ya saba da shi yana da wuyar gyara daga baya.

Hukumar CDC, mai kula da yaƙi da cututtuka a Amurka, tana da ma'aunin da likitocin yara ke dubawa. Yawancin 'yan shekara 3 suna iya zana da'ira in an nuna musu, su kuma zura manyan duwatsun ado a zare. A shekara 4 yaro yakan riƙe abin zane tsakanin yatsu, ya ɓalle wasu maɓallai. A shekara 5 yakan maƙala su da kansa, ya rubuta wasu haruffan sunansa.

A Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma a jihohin arewa rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar. Ga sanyi, ga duhu, yara sun maƙale a ɗaki, waya ce kawai ke jiransu. Minti goma zuwa sha biyar na aikin hannu a yini ya wadatar. In ya wuce haka ɗan shekara uku zai watsar ya tashi.

Ku fara da kabewa, tun da a Oktoba ta cika kasuwa. Kada ku sayi ƙattin da ake fafewa don ado, ruwa da zare sun yi musu yawa. Ƙananan da ake sayarwa don girki sun fi, don in an gama wasa sai su shiga miyar taushe. Babba ne zai yanke saman da wuƙa. Yaro ya kwashe cikin da cokali, sannan ya tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya daga cikin zaren. Santsinsu ne ke sa dole ya matse yatsu sosai. A wanke su, a shanya kwana biyu, sannan a ba shi kwalin ƙwai mai rami 12 da ƙaramin hantsakin kicin ya rarraba, uku-uku ko biyar-biyar. Ƙirge ya shigo ke nan ba tare da ya sani ba. Wasu yara ba sa son taɓa abu mai yauƙi. Kada a matsa musu, a zuba cikin kabewar a leda mai zif su lallatsa ta waje.

Ƙullun wasa kuwa ba sai kun sayi Play-Doh ba. Fulawa kofi ɗaya, gishiri rabin kofi, ruwa kofi ɗaya, man girki babban cokali ɗaya, da ƙaramin cokali biyu na farin garin nan da ake kira cream of tartar, wanda ke jere da kayan ƙamshi a kanti. In babu shi, ruwan lemun tsami babban cokali biyu ya isa, sai a ɗan rage ruwan. A haɗa a tukunya, a tuƙa a wuta kaɗan kamar tuwo har ya saki gefen tukunya, a sauke ya huce, a murza. In yana manne wa hannu, bai nuna ba, a mayar wuta minti ɗaya. In yana tsagewa, ya bushe, a ɗiga mai. A rufe shi a roba, zai yi makonni. Gishirinsa ya yi yawa ga ciki, don haka ba na ci ba ne. Aikin da ya fi amfani shi ne mulmula ƙananan dunƙule da kan yatsu, da tono 'ya'yan kabewa da aka binne a ciki.

Almakashi ne inda iyaye suka fi kuskure. Sukan miƙa wa yaro takarda mai laushi su ce ya yanko hoto. Takardar ta lanƙwashe, ta ƙi yankuwa, ya fashe da kuka. A fara da igiyar ƙullu ko tsinken shan lemo, abin da sara ɗaya ke rabawa. Daga nan kwali mai ɗan kauri, faɗin inci ɗaya. Sai layi miƙaƙƙe mai kauri, sai mai lanƙwasa. Da'ira sai wajen shekara huɗu zuwa biyar. Babban yatsa ya kasance a sama, gwiwar hannu kusa da jiki. In yaronku bahago ne, ku saya masa almakashin bahagwai, domin na dama yana rufe masa layin kuma yana tauna takarda. Koya masa ci da gaisuwa da dama al'adarmu ce, ba mai hana ku, amma rubutu da yanka ku bar shi da hannun da ya fi masa ƙarfi. Malamai a nan ba za su sauya masa hannu ba.

Kakkarya kalar zane gida biyu ko uku. Guntu ba ya dunƙuluwa a tafi, dole yatsu uku su riƙe shi. Manna takarda a bango daidai fuskar yaro ma yana gyara zaman wuyan hannu.

Mu kuma iyaye mukan yi wa yara hidima fiye da kima. A makaranta ana fitar da su wasa ko da sanyi, kuma malama ɗaya ba za ta zuge wa yara da yawa rigar sanyi ba. Ku saka masa bakin zif ɗin, shi ya ja. In marikin ya yi ƙanƙanta, a rataya masa zoben makulli. Tsintar wake, ɓare lemu, matse soso, gutsuro tuwo da mulmula loma, duk aikin yatsu ne.

Ranar 31 ga Oktoba ake bikin Halowin, inda yara ke yin shigar dodanni da makamantansu suna karɓar alewa gida-gida. Iyalin da ba sa so ɗansu ya shiga, su gaya wa malama tun da mako biyu; ba baƙon abu ba ne, za a ba shi wani aikin. Ku duba alewar da za ta shigo gida, domin masu taunuwa da yawa suna da jelatin, wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabba, kuma sau da yawa na alade ne. Bikin godiya kuwa ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba yake, makarantu sukan rufe har Juma'a. In aka ce kowa ya kawo abincin gida, ku tambaya tukuna: azuzuwa da yawa sun hana gyaɗa saboda yaran da take iya hallakawa, kuma ƙuli-ƙuli da yajin tsire duk gyaɗa ce.

In akwai ƙani ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, duk abin da zai wuce ta cikin kwalin takardar bayi zai iya shaƙe shi. 'Ya'yan kabewa, wake da maɓallai sai kan tebur, babba na zaune. Ƙwallayen nan masu kumbura a ruwa kada su shigo gida sam, domin suna ci gaba da kumbura a hanji.

Idan ɗan shekara huɗu har yanzu dunƙule abin zane yake yi, ko yana gudun duk aikin hannu, ku faɗa wa likitansa, ku kuma rubuta wa hukumar makarantun gundumarku kuna neman a gwada shi. Daga shekara uku zuwa sama gwajin yana hannunsu, ƙasa da haka kuma shirin tallafin farko na jiha ne. Dokar tarayya ta sa gwajin kyauta ne, kuna da ikon neman tafinta, kuma ba a ɗora yaro kan wani shiri sai kun sa hannu.