Kurakuran da aka fi yi wajen sa itace da duwatsu a akwatin kifin ado

Abin da na lura da shi a wajen masu fara kiwon kifin ado shi ne, abin da ba ya kisa shi suke tsoro, mai kisan kuma su ɗauko shi da hannunsu su jefa a ruwa. Mutum zai ga ruwa ya yi ja kamar shayi hankalinsa ya tashi, amma bai damu da cewa reshen da ya tsinto a bayan gida na aduwa ne ba.

Bari in fara da wannan, don nan ne ake asarar kifi. Ba kowane busasshen itace ne ake sa wa a akwatin gilashi ba. Ɓawon aduwa tun kaka da kakanni ana daka shi a zuba a kududdufi don kifi ya bugu ya taso sama, kamar yadda ake yi da magimfa. Darbejiya da ita ake haɗa maganin ƙwari. Tumfafiya da tinya, da duk wani itace mai fitar da farin nono idan an kare shi, a bar su inda suke. Haka itace mai ƙaro da ƙamshi. Katakon da aka sayo a wajen 'yan katako shi ma abin gudu ne, domin sau da yawa an shafe shi da maganin gara ko baƙin mai, kuma wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shige cikin jijiyar itace. Ɗanyen reshe kuwa, ko na itace mai kyau ne, ruɓewa zai yi, ya cinye iskar da kifi ke shaƙa. Idan ba ka tabbatar da asalin itace ba, sayi wanda masu kifin ado suka sani: mopani da ake kawowa daga kudancin Afirka, ko baƙin itacen Malesiya. Dukansu masu tauri ne, masu nauyi, kuma yawanci ba sa wahalar nutsewa.

Kuskure na biyu gaggawa ce. An sayo da yamma, kafin isha'i yana cikin ruwa. A goge itacen da sabon buroshi da ruwa zalla, a ɓare duk ɓawon da ya saki, a ƙanƙare inda ya yi laushi. Sannan a tafasa shi awa 1 zuwa 2 a tukunyar da ba a damu da ita ba, don za ta rine. In ya fi ƙarfin tukunya, a sa shi a babbar roba a kwara masa tafasasshen ruwa. Daga nan a jiƙa shi mako 1 zuwa 2, ana sauya ruwan duk kwana biyu. Wani itacen sai ya yi wata yana yawo a sama. A ɗora masa dutse, ko a ɗaure shi a jikin dutsen da zaren fatsa.

Sabulu, Omo, ko wani maganin wanki, kada su kusanci itacen. Itace yana sha, daga baya ya riƙa saki kaɗan-kaɗan.

Yanzu ga jan ruwan nan. Wanda ya taɓa leƙa majema ya san yadda bagaruwa ke rina ruwa. Sinadari iri ɗaya ne, tanin, ke fita daga itacen. Ba guba ba ne. Yakan ɗan ƙara wa ruwa tsami, kuma kifaye irin su tetira da diskus, 'yan asalin kogunan Amazon, a irin wannan ruwan kakanninsu suka rayu. Ni kam launin yana burge ni. Wanda bai so ba, ya riƙa sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ya sa gawayin tace ruwa na musamman a cikin matatar. Abin da bai kamata ba shi ne a zubar da ruwan gaba ɗaya a wanke komai fes, domin ana iya hallaka ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narkar da kashin kifi. Farin yauƙin nan mai kama da auduga da ke fitowa a jikin sabon itace shi ma ba abin tsoro ba ne: cikin 'yan makonni yake ɓacewa, dodon koɗi da kifi mai tsotsar gilashi ma abincinsu ne.

Duwatsu kuma gwajinsu a kicin yake. Ɗiga ruwan khal a busasshen dutse. In ya yi kumfa yana tsuwa, akwai farar ƙasa a cikinsa, zai ƙara wa ruwa tauri, wato yawan ma'adinan da suka narke a cikinsa. Wannan ya dace da kifayen tafkin Malawi da Tanganyika, amma zai takura na Amazon. Ƙwanson wuri da na teku hukuncinsu ɗaya. Kada a tafasa dutse kan wuta, yana iya fashewa; a kwara masa ruwan zafi kawai. Manyan duwatsu a fara zaunar da su a ƙasan akwatin kafin a zuba yashi, don kifi mai tono na iya rarake ƙarƙashinsu su rikito kan gilashi.

Kayan ado na roba ana raina haɗarinsu. Na taɓa samun ɗan kifina ya maƙale a tagar wani ɗan gidan roba, ya shiga yana ƙarami ya saba, ranar da ya yi ƙiba ya kasa fita. Tun daga nan duk ramin da na ga zai iya riƙe kifi sai na toshe ko na faɗaɗa shi. Shafa safar mata mai laushi a jikin kayan. Inda ta kama, nan zai yaga jelar kifi, sai a goge da sanfefa. Abin da fentinsa ke ɓarewa, da duk wani ƙarfe mai tsatsa, a fitar da su. Jan ƙarfe kuwa kaɗan ya isa ya kashe jatan lande da dodon koɗi.

In za a manna shuka a jikin itacen, irin anubiyas, wadda asalinta dazuzzukan Najeriya da Kamaru da maƙwabtansu ne, a ɗaure kaurin jijiyarta a sarari da zare. In aka binne ta a yashi ruɓewa take yi.