Darasi na Shida: Ƙera Ganyen Ado da Ƙarfe

Mai koyon ƙera siffofin ado da ganye ake fara masa, domin reshe da fure da fiffiken tsuntsu duk daga wannan aikin suke fitowa.

A samu sandar baƙin ƙarfe mai laushi, mai kusurwa huɗu, kaurinta milimita 12, tsawonta santimita 50 don zafi ya yi nesa da hannu. Sifirin mota bai dace ba, yana da tauri, kuma yakan tsage idan aka tsoma shi a ruwa. Ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya kuwa kada ya shiga wuta sam, hayaƙinsa guba ne. Guduma mai kilo 1 ta isa.

Launin ƙarfe shi ne ma'aunin maƙeri. A zuga wuta har bakin sandar ya yi ruwan lemo mai haske, wajen digiri 1000 ke nan, sannan a ɗora a kan uwar maƙera. Da ja ya fara dushewa, a mayar wuta. Dukan ƙarfen da ya huce wahalar banza ce, kuma yana jawo tsagewa. Idan kuma aka ga farin tartsatsi yana tashi, ƙarfen ya ƙone, sai dai a yanke wurin.

A fara fitar da ɗan gajeren tsini, ana duka ana juya sandar gefe zuwa gefe. A auna santimita 3 daga tsinin, a kafa wurin a gefen uwar maƙera, a matse wurin ta ɓangare biyu don a fitar da wuya, wato sandar ganyen. Nan ne masu koyo suka fi ɓata aiki: wuyan siriri ne, yana rigan sauran yin zafi, yana kuma rigansu hucewa. Kada ya kasa milimita 6 tukuna, in ba haka ba ganyen zai ɓalle.

Sai a tsayar da kan sandar, wato ɓangaren da ke gaban wuyan, bisa kusurwarsa, a baje shi daga tsakiya zuwa gefe har kaurin ya koma milimita 2. A zana jijiyoyi da kurfi marar kaifi sosai. Lanƙwasa kuwa a kan kututturen itace ake yinta, don kada zanen ya goge.

A kankare ɓawon da wuta ta bari a jikin ƙarfen da burushin waya, a shafa kakin zuma tun ƙarfen yana da zafin da zai narkar da shi, don hana tsatsa.